Sikeli mai batir ko mai allura? Amsoshi ga masu jinyar ciwon zuciya a gida

Tambaya: Assalamu alaikum, dan Allah babanmu ne likita yace zuciyarsa ta yi rauni, ƙafafunsa suna yawan kumbura, ance mu riƙa auna nauyinsa kullum. Wane sikeli zan saya? Akwai mai allura, akwai mai batir, akwai ma wanda wai yake nuna ruwan jiki a waya.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya bawa Baba lafiya. Ki sayi mai batir kawai, mai manyan lambobi da faɗin wurin taka ƙafa, wanda yake nuna har 0.1 na kilo. Mai allura sai mutum ya sunkuya yana kintace, rabin kilo zai wuce ba a gani ba. Shi kuma mai haɗawa da waya ki bar kuɗinki, lissafin ruwan da yake bayarwa ba abin dogara bane ga mai kumburi, kuma ɗan lantarki yake turawa ta tafin ƙafa, shi yasa ake hana wanda aka dasa wa na'urar bugun zuciya a ƙirji hawansa.

Amma fa yadda ake awon ya fi sikelin muhimmanci. Lita 1 ta ruwa kilo 1 ce, idan zuciya ta gaza, sai ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa, kuma sikeli yana riga ido ganin haka tun kafin takalmi ya fara matse ƙafa. Kullum da safe Baba ya yi fitsari tukuna, kafin ya karya, da kaya marasa nauyi, a ajiye sikelin a ƙasa mai tauri banda kan kafet, a rubuta a littafi da kwanan wata. In kika ga ya ƙaru fiye da kilo 2 cikin kwana 3 toh ki kira likitansa ranar, kar ki ce sai ranar da aka baku. Haka in ya fara ƙara filo da dare saboda haki. In kuwa numfashi na sarƙewa alhali yana zaune, wannan sai asibiti kai tsaye.

Tambaya: Mamana ce take shan spironolactone da furosemide, naga wani gishiri an rubuta mai ƙarancin sodiyam, in saya mata?

Amsa: A'a ɗan uwa, sai in likitanta ya yarda. Yawancin irinsa sinadarin potasiyam ake sawa a madadin sodiyam, wato sinadarin da ke cikin gishirin da muka saba, shi kuma spironolactone (shi da furosemide magungunan fitar da ruwa ta fitsari ne) dama yana tara potasiyam a jini, haka magungunan zuciya da hawan jini irin su lisinopril, in potasiyam ɗin ya yi yawa yana hargitsa bugun zuciya. A rage gishirin da aka saba kawai. Hukumar lafiya ta duniya tace babba kar ya kai giram 5 a rana, kusan ƙaramin cokali kenan, har da wanda ke ɓoye cikin abincin gwangwani da na leda. In an rubuta sodiyam a jikin kwali ka ninka sau 2.5, shine gishirin. Sannan in kaje kemis neman maganin ciwon jiki banda ibuprofen da diclofenac, suna riƙe ruwa.

Tambaya: Ni aka ce kar in wuce lita 1.5 na ruwa a rana, ƙishirwa kuma tana damuna, me zan saya?

Amsa: Gora mai alamar awo da ƙaramin kofi sun ishe ka. Ka cika gorar daidai awonka da safe, in ka sha shayi ko wani abu mai ruwa sai ka rage daidai shi daga ciki. Tsotsar 'yar ƙanƙara, kurkure baki da cingam marar sukari suna rage ƙishi. Wannan awon naka ne kai kaɗai, ba kowane mai ciwon ake taƙaita wa ruwa ba. Ranar da zawo ko amai ya kama ka, ko kana jiri in ka miƙe, ka tuntuɓi likita kafin ka cigaba da maganin fitar da ruwa ta fitsari yadda ka saba.