Firizata tana da tambarin CE, me ya sa wuta ta ƙona ta?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina da shagon ƙanƙara da lemo a Zariya. Na sayi sabuwar firiza mai tambarin CE, wanda ya sayar mini ya ce an gwada ta a Turai, wuta ba za ta yi mata komai ba. Ko wata biyu ba ta yi ba, wata rana da daddare aka kawo wuta, ƙwayayen shagon suka yi haske fau, firizar ta yi ƙauri ta mutu. Wane irin gwaji ne wannan?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Allah ya mayar maka da alheri, Malam. Gwajin gaskiya ne, ana yin sa, sai dai abin da ya kashe firizarka ba ya cikin abin da ake gwadawa.

Ƙa'idojin gwajin daga IEC suke, hukumar tsara ƙa'idojin kayan lantarki ta duniya, wadda aka kafa a 1906, take da mazauni a Janeba, kuma jerin da ya shafe mu shi ne IEC 61000. Kashi biyu ne. Akwai na hana na'ura gurɓata wutar da wasu ke sha tare da ita, akwai kuma na auna juriyarta idan wutar ce ta zo da matsala. Naka na biyun ne.

A ɗakin gwaji, ana ɗora na'urar a kan teburi tana aiki, sai a riƙa kai mata farmaki da gangan. A gwajin 61000-4-5 ana harba mata bolt 1,000 ko 2,000 ta wayarta, kwatankwacin abin da tsawa ke turowa cikin layi. Adadin da ban tsoro, amma duka-duka bai wuce kashi 50 cikin miliyan na daƙiƙa ɗaya ba, ƙiftawar ido ma ta fi shi tsawo nesa ba kusa ba. A 61000-4-11 kuma rage wutar ake yi, misali zuwa kashi 70 cikin ɗari na rabin daƙiƙa, ko a ɗauke ta gaba ɗaya na daƙiƙa biyar, a ga ko na'urar za ta farfaɗo. Akwai kuma 61000-4-2, gwajin ɗan tartsatsin nan da ke fisgar yatsanka idan ka taɓa ƙofar mota lokacin hunturu. Da wata 'yar bindiga ake harba shi a maɓallai da jikin na'urar, yawanci bolt 4,000 zuwa 8,000. Wani abin lura, ƙa'idar ta ce a yi shi a ɗakin da laimar iska take tsakanin kashi 30 da 60, alhali bushewar hunturunmu takan faɗi ƙasa da haka.

Ka ga duk farmakin nan gajeru ne, kuma an gina su a kan zaton cewa bayan ya wuce wuta za ta koma kusa da bolt 230. A Turai ƙa'idarsu ta EN 50160 ta ajiye ta tsakanin 207 da 253.

Hasken da ka ce ƙwayayenka sun yi shi ne ya ba ni haske a kan lamarin. Alama ce ta tsinkewa ko kwancewar wayar niyutiral, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, a kan falwaya ko a taransifoma. Idan haka ta faru, wutar gidaje ba ta da abin da zai daidaita ta: wani layin ya dusashe, wani ya haura har kusan bolt 400, kuma ya zauna a haka na mintuna. A cikin allon na'ura akwai wani ɗan faifai, galibi shuɗi, kamar kwabo, mai suna baristo, wanda aikinsa shanye bugun tsawa. Na buɗe irin waɗannan allunan ba adadi, in tarar da shi ya tsage ya yi baƙi ƙirin, ya babbake abin da ke gefensa. An yi shi ne don naushi ɗaya, ba don a danne shi a yi ta duka ba.

Shi kuwa tambarin CE, kamfanin ne da kansa yake manna shi, yana shaida cewa kayansa sun cika sharuɗɗan Tarayyar Turai. Kamfanin kirki yana da rahoton gwaji a bayansa, na banza kuwa buga shi kawai yake yi. Wannan ne ke ci mini tuwo a ƙwarya, domin da shi ake rufe bakin mai saye. Idan za ka sayi kaya mai tsada, nemi takardar SONCAP wadda aka shigo da shi da ita, wato shaidar inganci ta SON, hukumar kula da ingancin kaya ta Najeriya.

Kafin ka jona wata firizar, kira mai aikin wuta ya duba niyutiral ɗinka da wayar ƙasa, ka kuma kai rahoto ofishin wuta, tunda maƙwabtanka ma suna cikin haɗarin. Sannan ka sa na'urar kariya mai yanke wuta idan ta haura 250 ko ta faɗi ƙasa da 180 ko makamancin haka. Soket mai kariyar tsawa ba zai yi wannan aikin ba, sitabilaiza ma tana da iyakar abin da take ɗauka. Ka zaɓi mai jinkirin minti uku kafin ta saki wuta, don kwamfiresa, wato injin sanyin firizar, ta samu iskar cikinta ta daidaita kafin ta sake tashi.