An ce an kwashe gubar dalma daga ƙauyenmu, mu sa hannu?

Tambaya: Barista, wani kamfanin haƙar ma'adinai ya daɗe yana niƙa dutse a gefen ƙauyenmu. Da yara suka fara ciwo sai ya turo ma'aikata suka kankare ƙasa suka zuba sabuwa. Yanzu an kawo wa mai gari takarda mu sa hannu cewa aiki ya kammala. Mene ne matsayinmu?

Amsa: Malam, Allah ya ba yaran lafiya. Kada ku sa hannu tukuna. Irin wannan takarda sau da yawa tana ɗauke da layin da ke cewa kun yafe duk wani haƙƙi, kuma kotu takan riƙe baligi da abin da ya sa wa hannu. Dalma ba ta da wari, ido ba ya ganinta. Awo ne kaɗai ke nuna an kwashe ta.

A aikin da aka yi a ƙauyukan Anka da Bukkuyum bayan annobar gubar dalma ta 2010, wadda ta kashe yara wajen 400 a Zamfara, duk inda dalma ta wuce miligiram 1,000 a kilo ɗaya na ƙasa an kankare kimanin santimita 5 na sama, aka sake aunawa da na'urar XRF, mai auna yawan dalma a cikin ƙasa, kafin a zuba sabuwar ƙasa. Abin da aka nema a wancan aikin shi ne dalmar da ke inda yara ke wasa ta sauka ƙasa da miligiram 400 a kilo ɗaya. Ku nemi irin waɗannan lambobi gida-gida, na kafin aiki da na bayansa. Matsakaicin lissafin gari gaba ɗaya ba ya wadatarwa, domin gida ɗaya mai guba yakan ɓace a cikinsa.

Inda aka fi yin sakaci shi ne daɓen ɗaki, gindin turmi, wurin da injin niƙa ya zauna, bakin rijiya, kududdufin da aka wanke dutse, da bangon da aka gina da ƙasar wurin. Ku tambayi inda aka ɗebo sabuwar ƙasar da sakamakon awonta, ku kuma je ku ga ramin da aka binne tsohuwar. Idan an jibge ta a bayan gari ba a rufe ba, iska da ruwan damina za su dawo da ita.

Ku yi naku gwajin. A ɗebi samfur a gaban wakilinku da na kamfani, a raba uku, a liƙe, kowa ya sa hannu, a ɗauki hoto da kwanan wata, a kai ɗakin gwajin da NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, ko Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ta amince da shi. Samfurin da ba a san hannun da ya bi ba, lauyan kamfani zai rushe shi cikin sauƙi. A auna jinin yara 'yan ƙasa da shekara 5, a adana sakamakon.

Dokar Ma'adinai ta 2007 ta ɗora wa mai lasisi gyara ƙasar da ya ɓata. Ku tabbatar da sunansa a ofishin rajistar ma'adinai na Abuja, don idan masu haƙar ba su da lasisi, samun wanda zai biya yana da wuya. Ku rubuta koke ga sashen kula da muhalli na Ma'aikatar Ma'adinai da NESREA, ku nemi rahoton aikin a ƙarƙashin Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana 7 ta amsa.

In ba a gyara ba, shari'ar ma'adinai ta Babbar Kotun Tarayya ce. Kuna iya neman umarnin sake aikin, kuɗin magani da diyyar gona. Idan za ku sa hukumar gwamnati cikin waɗanda kuke ƙara, doka ta ba da wata 3 kacal a shigar da ƙarar, sai dai in cutarwar tana ci gaba, don haka ku kai wa lauya takardar tun yanzu.