Zaɓar Wa Yaro Makarantar Nasare a Zariya

Malama, kin tambayi yadda za ki zaɓar wa ɗanki mai shekara 3 makarantar nasare, ga shi kuna zaune a Samaru. Shawarata ita ce ki fara duba makarantun unguwarku, domin kai ƙaramin yaro Sabon Gari ko Tudun Wada kowace safiya, musamman cikin hunturu, wahala ce babba gare shi. Ki je da kanki ana tsakiyar darasi, ki lura da yadda malama take rarrashin yaron da ya yi kuka, abin da a wurina ya fi kyawun gini muhimmanci. Ki ƙirga yaran ajin, domin tsarin ilimi na ƙasa ya tanadi malami ɗaya ga yara 25. Ki leƙa banɗaki da wurin ruwan sha, sannan ki nemi shaidar rajistarsu da gwamnatin jihar Kaduna.