Amsa kan maganar alƙalancin wasan kurket

Salamu alaikum ƴan gida. Kai ƙanena, na ji muryarka, wai ina ake samun takardar alƙalancin kurket. Ni na san abin da kake tambaya, so kake ka ji ko akwai kuɗi da hawan jirgi a ciki. To bari in gaya maka gaskiya tun yanzu, Nijar ba ta cikin ICC, hukumar kurket ta duniya da ke Dubai. Mali na ciki, Kodebuwa na ciki, Najeriya na ciki tun 2002, mu ko ba mu ciki. Kenan in takarda kake so wadda za a duba a girmama, sai ka tsallaka ta Ɗan Isa da Jibiya, ka bi ta hannun hukumar kurket ta Najeriya. Su ke shirya horo, mataki-mataki ake hawa, kuma ba a ɗaga ka sai an gan ka tsaye cikin rana kana hukunci.

Amma karatun kansa ba sai ka je ko'ina ba. Dokoki 42 ne, kulob ɗin MCC na Landan ke riƙe da su tun 1788, suna nan a intanet kyauta. Doka ta 2 ta alƙalai ce, ta 3 ta masu rubuta maki. Ni kuma da za ka ji tawa, da ta 3 za ka fara.

Kowa so yake ya ɗaga yatsa ya kori mutum daga fili, ba mai son zama da kaye da bik. Alhali wasan yana hannun mai kayen nan. Su biyu ne, kowace ƙwallo sai sun rubuta. Wadda ba a ci komai ba ɗigo, wadda ta yi faɗi da yawa alamar gicciye, jifan da ya saɓa ƙa'ida da'ira. Kuma in alƙali ya yi ishara, a ce ya ɗaga hannu biyu sama, maki shida kenan, dole mai rubutu ya nuna ya gani, sannan a ci gaba. Dole, ba alfarma ba ce.

Wannan abu shi ke ci mini rai har gobe. Lokacin da nake karatu a Najeriya mun yi wani wasa, mai rubutunmu na can yana hira, alƙali ya kaɗa hannu a gaban ƙirji, maki huɗu, bai jira amsa ba ya ce a jefa. Aka gama, kayen abokan karawarmu daban namu daban, aka ce an ci mu. Muka yi ta gardama har aka kira magariba. Kuma laifin na su biyu ne, don alƙalin ma bai kamata ya bari a jefa ba. Mai rubutun nan ko haƙuri bai ba mu ba, sai ma cewa ya yi... kai, a bar wannan.

Ina nake? Yauwa. In ka zo kan alƙalancin, ku biyu ne a fili, ɗaya bayan sanduna ukun da ake kafawa wajen mai jifa, ɗaya daga gefe. Ƙirga ƙwallo shidan da mai jifa ke jefawa kafin a canja shi ma aiki ne, shi ya sa za ka ga wasu da tsakuwa shida a hannu, suna mayar da ɗaya ɗayan hannun bayan kowane jifa. Shida masu kyau nake nufi, wadda ta saɓa ba a ƙirga ta, sake jefawa ake. Sai doka ta 36, ta tare ƙwallo da ƙafa, nan ne ake gane wanda ya yi karatu. Kada ka ɗauka irin alƙalancin balo ne da za ka hura usur a wuce.

Ka sauke dokokin a wayarka yau, ka sayi kaye, ka buɗe wasa ɗaya a YouTube ka rubuta shi tun daga farko har ƙarshe. Ka turo mini hoto in duba. Batun kuɗi kuma kada ka sake tambayata.