Ana iya gane ruɓewar cikin bishiya ba tare da an sare ta ba?

Tambaya: Malam, akwai tsohuwar darbejiya a ƙofar gidanmu, ganyenta shar amma in an ƙwanƙwasa gindin sai ta yi ƙara kamar ganga. Na ji wai akwai na'urar da ke yi wa bishiya sikanin irin na masu ciki, da gaske ne?

Amsa: Da gaske ne ɗan'uwa. Kuma kar ganyen nan ya ruɗe ka, ruwa ta ɓangaren da ke kusa da ɓawo yake hawa, shi ya sa bishiya za ta zama kogo a ciki amma tana ta tofo abinta.

Na'urar ba ruɓewar take gani ba, lokaci take aunawa. Sauti na ratsa lafiyayyen icce da gudun wajen mita 1,000 zuwa 2,000 a daƙiƙa, ya danganta da irin iccen, to in ya ci karo da rami ko ruɓaɓɓen wuri sai ya zagaya, sai ya makara kafin ya isa ɗaya gefen, wannan makarar ita ake karantawa. Na'urar da ke amfani da siririn sautin nan irin na sikanin masu ciki, da ya wuce hez (ma'aunin kaifin sauti) 20,000, wanda kunne ba ya ji, matsalarta ɓawo na shanye sautin, dole sai kan na'urar ya taɓa iccen kansa. Shi ya sa masu aikin suka fi ɗaukar irin su PiCUS da Arbotom na Jamus, a kafa ƙusoshi kamar 10 ko 12 kewaye da gindin, a bubbuga kowace da 'yar guduma, kwamfuta ta haɗa hoto. A hoton PiCUS launin ruwan ƙasa lafiya ke nan, shuɗi kuma an ci wurin.

Amma fa tana yin ƙarya, tsagewa kawai sai ta fito kamar ƙaton kogo, saiwa kuwa ba ta ganinta sam.

Kogo kaɗai ba ya yanke wa bishiya hukunci, dubi kuka mana. Abin dubawa kaurin lafiyayyen iccen da ya rage, wani masani ɗan Jamus Claus Mattheck ya ce in bai kai kusan kashi ɗaya cikin uku na tazarar ɓawo zuwa tsakiya ba akwai haɗari, duk da wasu masanan na ja da shi.

Taka kam kafin ka samu na'ura, tona gindin kaɗan ka duba gara ko naman gwari, ka kira ma'aikacin gandun daji ya gani, rassan da suka rufa kan kwano a rage su kafin iskar farkon damina.