Ɗalibi ne ya soki mamana sau huɗu, zan iya hana su taɓa ta?

TAMBAYA: Salam Likita. An kwantar da mamana a wani asibiti nan Gadarif ta ƙasar Sudan saboda maleriya, sai wani yaro da farar riga yazo zai sa mata farasha, allurar ƙarin ruwa kenan, ya soka har sau huɗu bai samu jijiya ba hannu ya kumbura, sai daga baya sista ke cemin wai ɗalibi ne. Wlh raina ya ɓaci. Ina da ikon cewa kar ɗalibi ya sake taɓa ta? 'Yar uwarku daga Gadarif.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ba Hajiya lafiya. Eh akwai wannan ikon, amma na Hajiya ne tunda jikinta ne, kuma in ta ƙi ba dalili bane a rage mata kulawa. Yaron yayi kuskure biyu, bai ce shi ɗalibi bane balle ya nemi izini, sannan abinda ake koya mana shine in ka gwada sau biyu baka dace ba ka kira na gaba dakai. Jijiyar tsohuwa da zazzaɓi ya ƙarar mata da ruwan jiki ko gwani sai ya sha fama.

Saidai ni bazan ce ki kori ɗaliban ba. Tun 1924 da aka buɗe makarantar likitanci ta Kitchener a Khartoum a bakin gadon mara lafiya ake koyon aikin nan, nima ranar dana fara hannuna rawa yake kamar mazari, bambancin kawai akwai babba tsaye a kaina. Yanzu kuwa tun yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 likitoci da yawa sun bar ƙasar, sai kiga mutum ɗaya da gadaje barkatai, ɗaliban kuma an sake su ba babba a kansu.

To duk wanda yazo ki tambaye shi cikin mutunci, ɗalibi ne kai ko likitan imtiyaz (sabon likita mai aikin horo bayan gama makaranta), kuma waye zai tsaya akanka? Musamman in robar fitsari ce, dan in aka hura ɗan ƙwallon bakin robar mai riƙe ta a mafitsara kafin fitsari ya fito yana iya yaga hanyar fitsari, ko robar abinci ta hanci da kan iya kaucewa ta shiga huhu in ba'a tabbatar da inda ta tsaya ba. Waɗannan kam kar a yi sai babba na wurin.

Hannun kuma a ɗora shi kan filo, in yayi ja ko zafi ko ya fara ruwa ki nuna ma sista a take.