Ɗan yayana ɗan shekara 15 yana shan paraga, ya ce magani ne

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sana'ar tumatir a kasuwar Mile 12 da ke Legas, yayana ya turo min ɗansa daga gida ya zo ya koyi kasuwanci, shekararsa 15. Ran nan na tsinci 'yan ledojin giya ƙanana a aljihunsa, da na tsare shi sai ya ce wai paraga ce da 'yan tasha suke sha saboda basir da ciwon baya, kuma kaɗan yake sha ba ta bugar da shi. Shin yana da zunubi tunda yaro ne? Kuma in kore shi ne ko yaya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya saka maka da alheri da ba ka kau da kai ba.

Ɗan'uwa, wannan paragar da ake jerawa a kwalabe bakin tasha tun daga Agege har Oshodi, akasarinta saiwoyi ne da ɓawon itace aka jiƙa a cikin ogogoro, wato giya ce tsagwaronta aka canza mata suna. Ƙa'idar kuwa Annabi (SAW) ya gama ta a hadisin Muslim, duk abin da yake bugarwa giya ne, duk giya kuma haramun ce. Zancen kaɗan yake sha ma an rufe ƙofarsa, Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito cewa abin da mai yawansa yake bugarwa to kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Shi kuma batun magani, sahabi Ɗariƙ ɗan Suwaid ya taɓa cewa Manzon Allah shi don magani yake haɗa ta, aka ce masa ai ba magani ba ce, cuta ce. In basir ke damunsa da gaske a kai shi asibiti.

Zunubi yana rataye da balaga ne. In ya fara mafarki ko gashin mara ya fito masa to baligi ne, alƙalami na rubutu a kansa, kuma a 15 da wuya a ce bai kai ba. Shekara 18 da malamanmu na Malikiyya suka faɗa ta wanda babu wata alama da ta bayyana masa ce. Ko da ma bai balaga ba, kai da yake hannunka wajibi ne ka hana shi, amana yayanka ya ba ka.

Abin da ya fi tayar min da hankali wallahi lafiyarsa ce. Ƙwaƙwalwar mutum ba ta gama ƙosawa sai wajen shekara 25, wanda ya fara sha da ƙuruciya ya fi saurin zama ɗan giya, sannan yaro ne da yake tsallaka titin Ikorodu da kwando a ka, motoci na gudu, wani lokacin ya hau babur, a buge yaya za ta kaya? Ita kanta ogogoron ba ka san abin da aka zuba ba, a 2015 mutane da dama sun mutu a jihohin Ondo da Ribas saboda wadda ke da gubar metanol. Araha da sauƙin ɓoyewa a aljihu ne suka sa hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, ta sanar da hana giyar leda da ta ƙananan kwalabe ƙasa da mililita 200 a Fabrairun 2024.

Korarsa kam ban ba ka shawara ba. Yaron da aka kora a Legas ƙarƙashin gada zai kwana, can kuwa har da tiramol da wiwi zai haɗu. An sha kawo wani sahabi saboda shan giya, da wani ya tsine masa sai Annabi (SAW) ya hana, ya ce ai wannan sahabin yana son Allah da Manzonsa, hadisin yana Bukhari. Ka zaunar da shi ku biyu ba a gaban yaran shago ba, ka gano wa yake saya masa, ka daina ba shi tsabar kuɗi barkatai, ka riƙa jan shi masallaci, ka kuma gaya wa mahaifinsa don haƙƙinsa ne ya sani. In ya kasa dainawa akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba, suna duba masu shaye-shaye.

In kuma wata rana ka same shi a buge ba ya amsa kira, kar ka ce barci ne, ka kwantar da shi ta gefe kada amai ya shaƙe shi, ka kira 112 ko ku nufi asibiti nan take. Wallahu a'alam.